Gwaggo Ta Ƙi Tashi

Litinin, da hantsi

Gwaggo ta ƙi tashi.

Gwaggo ita ce babbar kwamfutar shagonmu, tana ƙarƙashin tebur a ɗakin baya. Yaya ne ya raɗa mata sunan, wai don ta tsufa, ga mita, kuma kowa a ƙarƙashinta yake ci. Ƙananan kwamfutocin ajin koyon buga rubutu ba su da diskin ajiya na kansu, daga cikinta suke tashi. In ta kwanta, kowa ya kwanta.

Na danna maɓalli, fanka ta juya kamar mai atishawa, shi ke nan. Na kwance murfi na sa hanci. Ƙauri. Wutar da aka dawo da ita da ƙarfi jiya ce ta cinye bod, babban faifan da sauran kayan cikinta ke soke a jikinsa. Diskin na shinshina shi ta kowane gefe, shi ba ya ƙauri. Alhamdu lillahi.

Malama, wadda ke koyar da ajin, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta. Ta ce, “Auta, me zan gaya wa ɗalibai?” Na ce ta ce musu Gwaggo ta tafi hutu. Ta ce, “Yayanka fa?” Na ce yana samun sauƙi. Ta ce, “Ina nufin ba za ka tambaye shi ba?” Na ce na gane abin da take nufi.

Na fara wannan rubutun ne don in riƙa tuna abin da na taɓa da wanda ban taɓa ba. Karatuna bai yi nisa ba, kaina kuma rariya ne.

Litinin, da yamma

Gida lafiya. Yaya ya ci abinci. Anti, matarsa, ita ta ba shi. Ban yi masa zancen Gwaggo ba.

Talata, bayan azahar

Mun je kasuwar kayan lantarki da Dogo, maƙwabcinmu mai gyaran waya. Shi ya ɗauke ni a babur ɗinsa, gwiwoyinsa suna neman taɓa kunnuwansa. Mun samo bod na hannu mai kyau. Sai da muka dawo na lura ba shi da ramin da faffaɗar igiyar diskin Gwaggo ke shiga. Na zamani ne, ita kuwa diskinta tun na dauri.

Muka koma. Mai kayan ya tona wani kwali ya fito da kati kore. Ya ce a soka shi a bod, a soka igiyar diski a jikinsa, shi zai zama tafinta tsakaninsu. Dogo ya juya katin ya ce, “Wannan tafintan naka da wane yare yake magana?” Mutumin ya ce, “Duk wanda ka biya.” Muka yi dariya har da mai shagon kusa.

Na haɗa komai. Ban kunna ba. Ina son in yi barci da sa rai.

Gida lafiya. Yaya ya ci abinci.

Laraba, da safe

Ta kunnu! Fanka tana waƙa, farin rubutu yana gudu a kan baƙin allo kamar tururuwa. Har na miƙe zan kira Malama sai rubutun ya tsaya cak. Na kira ta duk da haka, don ta fi ni Turanci. Ta gyara tabarau ta karanta layin ƙarshe, ta ce, “Wai kenel ta firgita. Ta nemi diskinta ba ta gan shi ba.”

Dogo da ya leƙo ya ce, “Ta firgita? A tofa mata addu'a mana.”

Kenel ita ce zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. Ita ke fara farkawa, ita ke gaisawa da kowane ƙarfe da ke ciki. Kowane ƙarfe kuma yana da ɗan rubutun da ke koya mata yarensa, shi ake kira direba. Mutane suna amfani da kenel ɗin da ta zo da manhaja, mai ɗauke da yaren ƙarafan duniya. Yaya ba ya yarda. Shi da kansa yake haɗa tasa, ya aske ta ƙwal, ya bar abin da Gwaggo ke da shi kawai. In ka tambaye shi dalili ka jawo wa kanka. Zai ajiye sukurdireba ya ce, “Kai in za ka je bakin titi sayen sabulu, da katifarka kake tafiya? To me zan yi da direban abin da ban mallaka ba?” Daga nan sai lacca har shayinka ya huce. Inna takan ce tun yana goye bakinsa bai taɓa hutawa ba.

To ga shi na kawo kati baƙo, kenel ɗin Yaya ba ta taɓa jin yarensa ba. Diski yana gabanta, igiya a haɗe, amma ita a wurinta ɗakin wayam.

Alhamis, da safe

Ba na son Alhamis yanzu, a ranar ce Yaya ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Na share shago, na goge allunan aji, na dawo gida da wuri.

Juma'a, da la'asar

Na tuna akwai filash, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a kwamfuta, a aljihun teburin Yaya mai ɗauke da manhajar girkawa. Na ce bari in tayar da Gwaggo daga cikinsa, ko shi zai ga diskin. Ya tashi lafiya, ya gaishe ni, ya tambayi yare da agogo, duk na amsa. Da muka zo wurin diski sai ya ce babu diski a wannan na'ura.

Dogo ya nuna da yatsa ya ce, “Wannan ɗin fa? Bulo ne?”

Na sauya igiya. Babu. Na cire katin na mayar da shi rami na biyu. Babu. Na hura ramin, na goge haƙoran katin da abin goge fensir yadda Yaya ke yi. Babu. Na shiga saitin bod na juya duk abin da ya yi kama da zancen diski, ɗaya bayan ɗaya, ina mayarwa in bai yi ba. Babu, babu, babu. Na ɗora kunne a kan diskin, ina jin sa yana juyawa a hankali kamar mage mai barci. Yana da rai. Ba a gan shi ba ne kawai.

Dogo ya ce wataƙila filash ɗin ma ya tsufa, katin ya fi shi ƙuruciya. Wani lokacin dogon nan yana faɗin magana mai kyau bisa kuskure. Ya ce zai sauko mini da sabuwar manhaja ta wayarsa, in dai zan riƙa cewa shi ne injiniya na farko a layinmu. Na ce ko na duniya yake so.

Gida lafiya.

Asabar, bayan magariba

Gadon Yaya yana jikin bango, shi kuma bangon yake kallo. Tun da aka sallamo shi daga asibiti haka yake. Yana jin komai, idonsa ras. Likita ta ce maganar tana nan, ba ta tafi ko'ina ba, sai dai dole ya yarda ta fara fitowa a karkace kafin ta miƙe. Ya gwada sau ɗaya a asibitin. Ruwa ya so ya ce. Wata 'yar uwar Inna da ta zo dubiya ta dafe ƙirji ta ce, “Wayyo, bawan Allah!” Daga ranar ya rufe baki. An ba shi biro a hannun hagu, ya ture.

Ni ba na son komai yanzu sai in ji ya yi magana. Ko zagina ne.

Muna zaune a ɗakin, Inna tana ninke wanki, ta ce, “Auta, wai me ya hana aji zama? Na ga Malama a hanya.” Na yi mata ido, ba ta gani ba. Dole na faɗa. Na ce bod ya ƙone, na sa sabo da kati, kenel ta firgita.

Anti tana riƙe da cokali. Daga baya a tsakar gida ta ja hannun rigata ta ce, “Ka lura?” Na ce da me? Ta ce, “Da ka ce kenel, ya daina tauna.”

Lahadi, da rana

Na wanke babur ɗin Dogo. Manhajar ta gama saukowa, na zuba ta a sabon filash.

Litinin, da hantsi

Ya gan shi! Sabon filash ya ga diskin, da sunansa da girmansa. Na yi tsalle na buge kaina da ƙasan tebur. Malama ta shigo da gudu ta ɗauka wuta ce ta ja ni.

Sai manhajar ta kawo tambaya cikin ladabi: ko ina so ta goge diskin gaba ɗaya ta girka kanta sabuwa fil? Dogo ya ce, “Yawwa, an gama,” ya miƙa dogon hannun nan nasa ta saman kafaɗata. Na cafke shi a iska. Ban san ina da wannan saurin ba.

Ya ce, “Haba mutumina, minti kaɗan ka huta.”

Na ce a cikin diskin nan akwai aikin kowane ɗalibi, akwai yadda Yaya ya ɗaure ƙananan kwamfutoci da Gwaggo, abin da ya yi shekaru yana saƙawa. In aka goge, ba wanda ya san yadda ake mayarwa sai mutum ɗaya. Dogo ya janye hannunsa. Ya ce bari ya je, ya bar wayar wani a buɗe.

Ban girka komai ba. Na bar filash ɗin yana riƙe da na'urar, na leƙa cikin diskin ta wurinsa, kamar mai shiga gidansu ta taga. Komai na nan. Har fayil ɗin da Yaya ya sa wa suna “kada Auta ya taɓa”. Ban taɓa ba. Na daɗe ina kallon sunan dai.

Abin yi a bayyane yake. In sake haɗa kenel ɗin Yaya, in ƙara mata direban katin. Na sha ganin yana yi, ina gefe ina cin gyaɗa. Da na san haka ne da na rage cin gyaɗar.

Talata, da azahar

Wurin zaɓen kayan kenel wani shuɗin allo ne mai layuka kamar ba za su ƙare ba, ɗaki cikin ɗaki. Kowane layi da ɗan akwati a gabansa. Ko ka bar shi wofi, ko ka sa masa tauraro, ko ka sa harafin M. Tauraro yana nufin a ɗinke abin a jikin kenel. M yana nufin a ajiye shi gefe a kan diski, ta ɗauko in ta buƙata.

Na kwafo lambar da ke jikin katin a tafin hannuna. Malama ta ja kujera tana karanta mini, ni ina sauka da kibiya. Mun ɓata sau da yawa. Mun shiga wani ɗaki duk na'urorin jirgin ruwa, ta ce, “Auta, ko Gwaggo tana iyo ne?” A ƙarshe muka same shi. Ta karanta bayanin ta ce an ce ana iya sa masa M. Na ce ai Yaya ba ya son kaya da yawa a jikin kenel, M ɗin ya fi kama da halinsa. Na sa M.

Sai girki. Haka Yaya ke kiran haɗawar. Rubutu yana ta zuba, fanka tana huci, ba abin da za ka yi sai jira. Ni jira ba ya damuna. Na gyara ƙafar kujerar aji da ke rawa tun bara.

Gida lafiya. Yaya ya ci rabi.

Laraba, da safe

Ta sake firgita. Layi iri ɗaya, wuri ɗaya.

Laraba, da yamma

Na duba, direban yana nan a kan diski, na gan shi da idona. Na sake girki daga farko ko na yi kuskure. Ta firgita. Dogo ya ce Gwaggo ba firgita take yi ba, yanga ce.

Alhamis, bayan azahar

Malama ta zauna ba ta ajiye jaka ba. Ta ce ɗalibai sun fara tambayar wata makaranta da ke bayan tasha. Ta ce za ta iya riƙe su zuwa Litinin, daga nan ba ta da bakin magana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Ka san ba don kaina nake faɗa ba.” Na ce na sani.

Da ta tafi na zauna a kujerar Yaya. Ta lotsa daidai jikinsa, ni ba ta karɓe ni ba. In shagon nan ya rufe, me zai sa ya juyo daga bango?

Juma'a, da hantsi

Yau na zama abin dariyar layi. Na fito zubar da shara, na ja ƙofa na datse kwaɗo da hannuna don saba. Makullan suna kan teburin ɗakin baya. Ina hango su ta taga, suna ƙyalli.

Dogo ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya kira mai wankin mota, ya kira mai sayar da katin waya, wai su zo su ga injiniya na biyu. Ya ce, “Ai ba matsala, shiga ka ɗauko makullin sai ka buɗe.”

Na ce, “In shiga ta ina, ai sai na buɗe zan…”

Ban ƙarasa ba. Na tsaya riƙe da kwandon shara.

Direban katin yana kan diski. Diskin kuma ba ya buɗuwa sai da direban. Na ajiye wa Gwaggo makullinta a cikin ɗakin da aka kulle, na ce ta shiga ta ɗauko. Dole ta firgita, baiwar Allah! Sai ga muryar Yaya a kunnena, wata rana yana girki ina cin gyaɗa: “Abin da ba a tashi sai da shi, a jiki ake ɗinke shi.” Ashe na ji. Ajiyewa kawai na yi a inda ba na iya ɗaukowa.

Mai walda ya zo ya yanke kwaɗon, ya haɗa da mariƙin ƙofar gaba ɗaya. Ya ce sai Litinin zai dawo ya gyara.

Juma'a, da la'asar

Na mayar da M tauraro. Na yi girki ni kaɗai, na tura ƙofa.

Ta tashi. Rubutu ya zo wurin da yake tsayawa ya wuce ko waiwaye babu. Na kunna ƙaramar kwamfuta ɗaya a aji, ita ma ta tashi, ga sunayen ɗalibai. Na yi rawa tsakanin kujeru ba kiɗa. Na sumbaci murfin Gwaggo, ƙura ta shiga bakina.

Na ɗauki waya zan kira Malama. Sai na tuna maganar Anti. Ya daina tauna.

Na ajiye wayar. Sannan na mayar da M wurinsa, na mayar da Gwaggo kan kenel mai firgita, na bar mai kyau a gefe, na kashe. Ba aji Asabar da Lahadi, ba wanda zan cuta.

Dogo ya leƙo ya ce yaya? Na ce saura kaɗan.

Asabar, da safe

Ƙofar shago ba kwaɗo, ba zan bar Gwaggo a can ba. Wannan gaskiya ce, ita na faɗa wa Inna. Ƙananan mun kai shagon Dogo, Gwaggo kuma na rungumo ta a bayan babur, allo a tsakaninmu. Inna ta ce, “Duk faɗin gidan nan sai ɗakin mara lafiya?” Na ce nan ne soket ɗin da ba ya rawa. Wannan rabin gaskiya ce.

Na ɗora allo a kan kujera inda za a gan shi daga gado. Na zauna a ƙasa na ba gadon baya. Na kunna. Yaya ya san ƙarar fankar nan kamar kukan ɗansa. Kenel ta firgita. Na ce da ƙarfi, “Oho, ta sake. Ko dai allon ne ba ta so?”

Na ji gado ya yi ƙara.

Ban juya ba. Na tayar da ita ta filash, na buɗe shuɗin allo ina magana ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. “To bari mu gani. Direban kati, ga shi, M. Wannan daidai yake. Wataƙila direban jirgin ruwa take so.” Na sa wa jirgin ruwa tauraro.

Ƙwanƙwasa a jikin katakon gado. Ƙwas, ƙwas. Na ce, “Inna, ana buga ƙofa.”

Sai silifa ta sauka a ƙeyata. Da hannun hagu, amma saiti kamar maharbi. Anti da ke bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu. Na ɗauki silifar na ajiye gefe na ce, “Ɓeraye sun yi yawa a silin ɗin nan.” Na matsa gaba kaɗan inda ta biyu ba za ta kai ba. Ta kai.

Asabar, bayan magariba

Ya ƙwanƙwasa har ya gaji. Da na juya zan kashe na'ura na saci kallonsa. Ya juyo gaba ɗaya, bango yana bayansa, idonsa ja. Ya kalle ni kamar bai san ni ba. Sannan ya koma kallon bango.

Bai ci abinci ba.

Wannan mutumin shi ya ɗauko ni daga yawon banza ya sa mini sukurdireba a hannu. Ban san ko daidai nake yi ba.

Lahadi, da sassafe

Na gaya wa Anti zan kwashe kayan, na kuma gaya mata gaskiyar ranar Juma'a. Tana wanke kofuna, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Na sani tun jiya. Kai ba ka iya ƙarya ba, kunnuwanka suna motsi.” Ta ce, “Tun da muka dawo ban ga ya yi fushi ba, ban ga ya yi komai ba. Jiya na ga mijina. Koma ka zauna. Amma Auta, in ta fito, ko yaya ta fito, kada ka juya. Kada wanda ya ce wayyo. Na gaya wa Inna.”

Lahadi, bayan la'asar



Na zauna kamar jiya. Anti ta riga ta kwashe silifun da duk abin da hannu zai iya kaiwa. Na buɗe shuɗin allo, na sauka kan layin katin, na bar shi a haskake. Na ce, “To, ni dai ban ga laifin M ɗin nan ba. Bari in sake girki haka nan, ko sau goma ne, wata rana za ta haƙura.” Ba abin da Yaya ya tsana kamar a maimaita girki ba a sauya komai ba. Na ɗaga yatsa a hankali.

Numfashi a bayana, mai nauyi, kamar ana jan buhu.

“Tau…”

Na ƙura wa allo ido. Wuyana ya yi tauri don son juyawa.

“Tau… ra… ro.”

Ta fito a karkace, rabinta ta maƙale a hanya. Ban taɓa jin abu mai daɗinta ba. A tsakar gida wani kwano ya faɗi, aka yi tsit.

Na ce, “Na'am? Wai me?”

“Tauraro. Sa… sakarai.”

Sakaran ya fito sumul, ko gargada babu.

Idona ya cika, allon ya zama ruwa-ruwa. Na ce a raina in na yi shiru shi ma zai yi. Sai na ce, “Haba Yaya, ai bayanin cewa ya yi ana iya sa M. Malama ce ta karanta.”

“Diski,” ya ce. Ya huta. “Yana… ciki. Ta yaya… za ta…” Ya maƙale. Na jira. Ni jira ba ya damuna. “Ɗauko?”

Na ce, “Au! Kamar makulli a cikin ɗaki?”

“Cire… jirgi.”

Na cire jirgin ruwa, na sa tauraro. Muka yi girki tare. Ya hana ni taɓa wasu wurare biyu, ya kira ni sakarai sau ɗaya kuma. Inna ta shigo da tsintsiya tana sharar inda ta share da safe, fuskarta a jiƙe, bakinta gam. Da ta zo wucewa ta gaban allo ya ce, “Inna… matsa.” Ta ce, “To, ubana, na matsa,” ta fita da sauri. Mun ji ta a bayan gida, dariya ce ko kuka ban tantance ba.

Da rubutu ya wuce wurin firgita, sai a lokacin na juya. Gefe ɗaya na bakinsa ya ɗaga.

Ya ce wa Anti, “Yunwa.”

Litinin, da hantsi

Aji ya cika. Malama ta ce wa ɗalibai Gwaggo ta dawo daga hutu, suka tafa. Dogo yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ya gano matsalar. Mai walda ya gyara ƙofa, na ɗaura makulli a wuyana da zare.

Laraba, da yamma

Yaya ya zo shago. Shi ya nema. Mun kawo shi a motar haya, ni a dama Anti a hagu, ya taka daga bakin titi zuwa ɗakin baya da sandarsa. Mutanen layi sun yi masa sannu, ya amsa wa kowa, a hankali, wasu kalmomin suna tuntuɓe. Dogo ya ce, “Oga, ka dawo ke nan za mu rasa kunnuwanmu.” Yaya ya ce, “Naka… sun yi yawa.”

Kujerarsa ta karɓe shi. Ya ja allon dannawa da hagu yana duba cikin Gwaggo da yatsa ɗaya, ni ina tsaye a baya ina jin daɗi. Sai ya buɗe inda ake ajiye kenel. Na manta ban goge ba. Ga ta Lahadi, wadda muka girka tare. A samanta ga wata, girmansu kusan ɗaya, kwanan watanta a gefe.

Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan gilashin.

“Juma'a,” ya ce.

Na ce wataƙila agogon Gwaggo ne ya rikice. Anti ta ce, “Dubi kunnuwansa.”

Ya juyo da kujera ya kalle ni sama da ƙasa. “Mu… nafuki.”

Na ce bari in goge ta, tana cin wuri, na san ba ya son kaya da yawa. Na miƙa hannu. Ya buge shi.

“Bar ta.”

Daga nan ya fara yi mini bayanin abin da ya sa ba a sayen kati kafin a duba lambarsa. Yana yi yana hutawa, yana nemo kalma, in ta ƙi ya zagaya ya kamo wata. Shayina ya huce a hannu. Ban sha ba, ban motsa ba.

Gida lafiya.